Kurakuran da malaman firamare suka fi yi a cikin aji, da yadda za a gyara su

Shekarar da aka fara tura ni koyarwa, aji uku aka ba ni: yara tamanin da 'yan kai, benci tara, allo ɗaya da ya koɗe. Na shiga da tsumagiya ina ganin ita ce maganin komai. Kafin zangon farko ya ƙare muryata ta dishe, tsumagiya ta karye sau biyu, surutu kuwa yana nan daram. Daga baya na gane yawancin abin da muke kira rashin jin yara, rashin tsarinmu ne.

Gaskiya ne an cika mana azuzuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma tun da aka ƙaddamar da shirin UBE na ba kowane yaro ilimin farko kyauta a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, yara suka yi ta ƙaruwa, gine-gine da malamai ba su bi sawunsu ba. Wannan aikin SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ƙananan hukumomi. Akwai dai wanda yake hannunmu.

Na farko, barin yara su zaɓi wurin zama da kansu. Idan ka bari, ƙarfi ne zai raba. Manya su kame benci, masu ƙoƙari su taru a gaba, ƙanana da masu kunya su koma can ƙurya kan tabarma, inda ko rubutun allo ba a gani. Ranar farko ka jera su da kanka, gajeru a gaba. Wanda ka ga yana ƙanƙance ido in zai kalli allo, ko sai ka maimaita kafin ya amsa, ka matso da shi kusa. Sau da yawa ba dolo ba ne, gani ko ji ne ya yi masa ƙaranci. Sannan ka bar hanya a tsakiya, ko da ta faɗin ƙafa biyu ce. Ajin da malami ba ya iya kaiwa bangon baya, bayan ajin ya zama wata ƙasa mai cin gashin kanta.

Sai kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Eeeh Malam!" Malam ya ji daɗi ya goge allo. Wallahi ko da Sinanci ka yi darasin, amsar da za ka samu ke nan. Ina da wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya in ana bita tare. Ranar da na kira ta gaban allo na nuna "ba" da "da", ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Kusan shekara uku tana bin sautin 'yan'uwanta, ba ta san harafi ba. Bita baki ɗaya tana da amfaninta, da ita muka tashi a makarantar allo, amma ai a can ma kowa sai ya zo gaban malam ya biya nasa shi kaɗai kafin ya wanke. To haka za ka yi. Ka yi tambaya, ka ɗan yi shiru, sannan ka kira suna, ba lallai wanda ya ɗaga hannu ba. Ko ka ce kowa ya rubuta amsa a littafinsa ya ɗaga sama. Da kallo ɗaya za ka san inda aka kwana.

Wannan ya kawo maganar suna. "Kai mai jan wando" ba suna ba ne. Ka yi amfani da rajista ka haddace su, ko goma goma a mako. Yaron da ya san Malam ya san sunansa, ya kuma san gidansu, ba ya iya ɓuya cikin taro.

Akwai kuma ba wa monita aikin rubuta sunayen masu surutu, malami ya tafi hira gindin darbejiya. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: wanda ya ba shi ƙuli-ƙuli lokacin tara ya tsira, wanda suka yi faɗa jiya ya sha bulala. Monita ba alƙali ba ne. Ka raba ayyuka da yawa, mai goge allo, mai raba littattafai, mai kula da shara, shugaban kowane layi, kana juya su duk mako. Yaron da ya fi damun aji, gwada damƙa masa alli da dasta ka ga ikon Allah.

Lokaci ma muna zubar da shi ba mu sani ba. Darasin da bai wuce minti 35 ba, a ci goma wajen neman alli, goma wajen kwafar rubutu malam ya juya wa aji ƙeya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta abin da za ka rubuta kafin a buga ƙararrawa, ka ajiye ɗan aikin da kowa zai kama da zarar ya zauna. Maimakon "Ku yi shiru!" sau ashirin, ku saba da alama guda: ka tafa sau uku su mayar maka, hannu a ƙirji. Mako biyu ya isa ta zauna.

Dukan masu makara kuwa, a bincika tukuna. Wata sai ta sayar da koko da ƙosai kafin a bar ta ta taho, wani da damina daga gona yake. Ka sa shi tsallen kwaɗo a ƙofar aji, gobe ba zai zo ba gaba ɗaya. Ka bar shi ya shiga ya zauna, bayan an tashi ka tambaye shi. In abin ya yi yawa, ka sanar da hedimasta, a haɗa da kwamitin makaranta da mai unguwa a je a sami uban yaron. Yarinyar nan mai "ba" da "da" ma, da na bi sawu, ashe talla ce ke cinye mata darasin farko kullum, kuma a lokacin ake koyar da karatu. Hedimasta ya yarda muka mayar da karatun Hausa bayan tara.