Yadda ake zaɓen wayar sifika da ta haɗa na'urori ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Kafin ka je kasuwa, auna tazarar da ke tsakanin amfilifaya da kowace sifika, ka bi ta jikin bango yadda wayar za ta bi, ka ƙara rabin mita. Sannan ka duba bayan sifikar: an rubuta om 8, 6 ko 4, wato ma'aunin yadda sifikar ke tare lantarki. Waɗannan lambobi biyu ne za su faɗa maka kaurin da za ka saya, ba mai shago ba.

Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5mm² ta ishi sifika mai om 8 har kusan mita 15. Idan om 4 ce, tsaya a mita 8, in ya wuce haka koma 2.5mm². A kwalin kayan waje za ka ga AWG 16 ko 14, wato wani ma'aunin kaurin waya. Lambar na raguwa, waya na ƙara kauri. Siririyar nan ja da baƙa da ake haɗowa da sifika kyauta, ajiye ta don rediyo.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne a kan abin da ke cikin robar. Waya da yawa a kasuwa alminiyon ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ana kiranta CCA. A ido ba ta da maraba da ta gaske, ga araha, wani lokaci robar ma an yi ta da kauri don ta cika hannu. Alminiyon kuwa kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya wucewa da shi, kuma silinsa kan karye a bakin maɗauri bayan an ɗaure an kwance sau biyu ko uku. Ka sa a yanko maka ɗan guntu. Feɗe robar, kankare sili ɗaya da reza: in fari ya bayyana a ciki, CCA ce. Ko ka sa masa wutar laita, alminiyon zai lanƙwashe nan take, jan ƙarfe ja kawai zai yi. In aljihu ya tilasta maka CCA, ɗauki wadda ta fi kauri da mataki ɗaya. Wayar lantarki mai laushi ta masu wayarin, in jan ƙarfe ce tsantsa, tana yin aikin sarai, kuma sau da yawa ta fi wadda aka rubuta wa sunan sifika sauƙi.

Wajen ɗaurawa, kashe amfilifaya tukuna. Feɗe santimita 1, murɗe silin su haɗu. Sili ɗaya tak da ya zame ya taɓa ɗaya maɗaurin ya isa ya ƙona amfilifaya. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin. In ka juya ɗaya, bes zai tsere, sautin ya zama holoƙo. Wayar da ba ta da launi, nemi layi ko tudu a jikin ɓari ɗaya.

Wayar RCA, mai jan kai da fari, wadda ke kai sauti daga na'ura zuwa amfilifaya, ita kam gajarta ake so: mita 1 ko 2. Duba kan ya kama soket gam, kuma wayar tana da rigar saƙa a ciki mai tare hayaniya. Kan zinare tsatsa kawai yake hanawa, kada ka biya ninki saboda shi. Kar ka ɗaure ta tare da wayar wuta, in dole su haɗu, su gitta juna. In ƙugi ya ƙi tafiya bayan ka haɗa talabijin, sauya zuwa wayar oftika in na'urorin biyu suna da ramin, don haske take ɗauka ba lantarki ba, kuma mafi arha ta wadatar.