Kurakuran da ke kashe na'urar da aka haɗa wa mota a Legas

Matasanmu da ke haɗa na'urar bin sawun mota, daga Agege har Idi-Araba, kukansu ɗaya ne: a kan tebur tana aiki lafiya lau, da an ɗaura ta a mota sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa. Galibi laifin na wuta ne, manhajar ba ruwanta.

Wutar mota ba ta zama wuri ɗaya. Lafiyayyen batir yana ba da folt 12.6 idan inji a kashe yake, ya haura 14 idan alterneta na caji, lokacin tada mota kuma ya faɗo ƙasa da 9, tsoho ma har 6. Mafi muni shi ne kan batir ya kwance inji na aiki, abin da ramukan titi ke jawowa, sai wutar ta yi tsalle ta kai 35 ko fiye. Wanda ya sayo 7805, ƙaramin mai rage wuta zuwa folt 5, a kasuwar Computer Village ya jona kai tsaye ya ja wa kansa zafi: na'ura mai jan miliyamf 300 za ta sa shi ƙona wat 2.7 a banza idan wuta na kan folt 14, ga shi an cusa shi bayan dashbod, ga gosulon gadar Third Mainland da rana tsaka. A sa fiyus na amf 2 daidai inda aka ɗebo wuta, sai dayod mai tare wuta idan an juya waya, sai dayod na TVS mai shanye tsallen wuta, irin SM8S24A, sannan mai rage wuta na zamani da ke jure folt 60. Idan akwai SIM800L, allon da ke aika saƙo ta layin waya, a sani yana fizgar amf 2 lokacin aika saƙo. Rashin kafasita mai maikirofarad 1000 a gindinsa shi ke sa ya yi ta sake tashi.

Sai layin CAN, da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansa, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A soket ɗin OBD mai ƙafa 16, inda ake jona na'urar binciken mota, ƙafa ta 6 ce CAN-H, ta 14 CAN-L. Cire kan batir ka ɗora mita tsakaninsu, ya kamata ka ga om 60, domin akwai rezista mai 120 a kowane ƙarshen layin. Yawancin allunan MCP2515 na kasuwa, masu haɗa na'ura da layin CAN, suna zuwa da nasu rezistan mai 120; in ka bar shi, mita za ta nuna 40, saƙonni su fara ɓaci. Zare shi. Ka kuma duba lambar da ke jikin kiristal ɗin da ke ba allon lokaci, megahaz 8 ne ko 16, don in manhaja ta ɗauki wanda ba shi ba, gudun kilobit 500 a daƙiƙa da ka saita ba zai yi daidai ba, na'urarka ta cika layin da saƙon kuskure, fitilun dashbod su kama. Shi ya sa ake farawa da yanayin saurare kawai. Motocin tokumbo da aka ƙera kafin 2008 kuwa, da yawansu ta ƙafa ta 7 suke magana, ba su da CAN a soket ɗin sam.

A manhaja, abin da ya fi ciwo shi ne rubuta nisan tafiya cikin EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, kowace daƙiƙa. Na ƙwaƙwalwar na'ura ta ATmega328P rubutu 100,000 aka lamunce wa kowane gurbi, ka ga kafin awa 28 an cinye shi. A rubuta idan an kashe inji, ko a riƙa sauya gurbi. Agogon tsaro mai sake tada na'ura idan ta maƙale shi ma ana ɓata shi: in ka sa katsewar agogo, wato ƙaramin aikin da ke katse babban aiki lokaci-lokaci, ce ke sabunta shi, babban aikin zai iya sandarewa bai sani ba. A sabunta shi a ƙarshen babban zagaye kaɗai.

Ƙafa ta 16 a soket ɗin OBD tana da wuta dare da rana. Na'ura ta ja miliyamf 100 a mako guda ya kusa amf-awa 17, mai mota ya dawo daga tafiya ya tarar batir ya yi sanyi. A koya wa na'urar barci da zarar wuta ta sauka ƙasa da folt 13 na 'yan mintuna.

Kada a murɗe waya a naɗe da salatif. Danshin Legas da iskar gishiri suna mayar da jan ƙarfe kore cikin damina guda. A matse da kan waya mai kyau, a rufe da robar da zafi ke tsukewa, a fesa wa allon ruwan kariya, a ɗaure akwatin sama da inda ambaliya ke kaiwa, bakin wayoyin na kallon ƙasa.