Kurakuran da aka fi yi wajen dasa taf a layin faiba da na jan ƙarfe

Samarinmu da dama a Jidda da Makka sun kama aikin kula da layukan kwamfuta a otal-otal da kamfanoni, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a ce wa mutum ya gano abin da ke sa layi tafiyar hawainiya. Nan ne ake ɗauko taf, ƙaramar na'urar da ake dasawa a tsakiyar waya, saƙonni su ratsa ta cikinta su wuce, ita kuma ta fitar da kwafinsu zuwa kwamfutar bincike. Taf ba shi da wuyar sha'ani. Yawancin wahalar da nake gani tana zuwa ne daga sayen sa kafin a auna layin da za a sa shi.

Abin ya fi cizo a faiba. Taf na faiba ba ya cin wuta, ba ya kuma ƙara haske, wanda ya iso shi yake rabawa, kamar mai jan reshe daga bututun ruwan gida: abin da reshen ya samu, daga rabon gidan aka cire. Shi ya sa za ka ga an rubuta 50/50 ko 70/30 a jikinsa, wato kason hasken da layi ke riƙewa da wanda ke zuwa gefen bincike. Raba haske biyu daidai asarar 3 dB ce a lissafi (dB shi ne ma'aunin asarar haske), da mahaɗai takan doshi 4. A 70/30 kuwa layin yana rasa kimanin 2 dB, gefen bincike kimanin 6. Idan layin dama da ƙyar haskensa ke isa, kana dasa taf sai ya fara ɗaukewa yana dawowa. Wani lokacin layin lafiya lau, amma kwamfutar bincike ce hasken bai ishe ta ba, sai ta riƙa nuna kurakuran da babu su a zahiri, mutum ya kwana yana neman cutar da shi ya ƙirƙiro. Maganin bai wuce minti goma ba. Ka shiga suwic, na'urar da layuka ke haɗuwa a cikinta, ka karanta ƙarfin hasken da SFP, ƙaramar na'urar da ake jona faiba a jikinta, ke karɓa, ka duba takardarsa ka ga mafi ƙarancin da yake iya ji, sannan ka cire asarar taf ta kowane gefe. In babu rara a gefe guda, ka canja rabon.

Ka kuma tabbata nau'in ya dace. Faiba mai rawayar riga, mai cibiyar maikuron 9 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), daban take da faibar da ake kira OM3 mai cibiyar maikuron 50, wadda ke kai gigabit 10 har mita 300. Taf ɗin wannan ba ya yi wa waccan aiki. Haka kan waya kore da shuɗi, gogar bakinsu ba ɗaya ba ce, cusa su tare ɓata duka biyun ne.

Sai ƙura, wadda duk mazaunin ƙasar nan ya san halinta. Ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta toshe cibiyar maikuron 9. Kada ka cire murfin kan waya ka ajiye shi a kan teburi, kada ka goge da bakin riga. A duba da madubin faiba, a share da abin sharewa, a sake dubawa, sannan a jona.

Akwai wanda ke ba sababbin hannu mamaki: taf yana fitar da hanya biyu ne, ta tafiya daban, ta dawowa daban. Mutum ya jona guda ɗaya, ya buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin layi, ya ga tambayoyi babu amsoshi, ya ce sabar, kwamfutar da ke ba da amsoshin, ta mutu. Kwamfutar bincike tana bukatar kafa biyu masu karɓa. Akwai taf mai haɗe hanyoyin biyu a kafa ɗaya, amma layin gigabit 1 yana iya ɗaukar gigabit 1 ta kowane gefe, jimilla 2, kafar kuwa 1 take fitarwa. Ranar da layi ya cika, wato ranar da ka fi bukatar gani, ranar ce zai zubar da rarar ba tare da ya faɗa maka ba. Idan kuma ba ka ga haske ko kaɗan a gefen bincike ba, duba ko ka juya shiga da fita, domin mai raba hasken gefe ɗaya yake fuskanta.

A wayar jan ƙarfe labarin ya canja. Layin megabit 10 da 100 yana amfani da tagwayen waya biyu, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa, don haka ana iya saurarensa ba tare da wuta ba. Gigabit, tun ƙa'idar da aka fitar a 1999, yana amfani da duka huɗun, kowanne yana aikawa yana karɓa lokaci guda. Ƙananan taf marasa wuta da ake sayarwa da araha sukan tilasta wa layin sauka zuwa 100, ka zo gyara ka ƙara ɓatawa. Gigabit sai taf mai wuta. Ka tambaya me yake yi idan wuta ta ɗauke: nagari yana da makunnin da ke haɗe wayar kai tsaye, amma duk da haka layin kan tsinke na 'yan daƙiƙu kafin ya dawo. Ka sa shi a kan UPS, batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke. In layin kyamara ne ko wayar tarho mai shan wuta ta kebul, ka tabbata taf ɗin yana barin wannan wutar, wato PoE, ta wuce.

Dasa taf dole sai an tsinke layi, saboda haka ba aikin tsakiyar Ramadan ko kwanakin Hajji ba ne a otal ɗin da ya cika da baƙi. A dasa tun lokacin da aiki ya lafa, a bar shi a wurin.

Kafin duk wannan, ɗan'uwa, ka karɓi izini a rubuce. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya tare bayanan da ke wucewa a layi ba da izini ba. Maganar baki ta manaja ba ta isa ba. Takardar ta faɗi wane layi, na tsawon wane lokaci, wa zai ga abin da aka kwafa, da ranar da za a goge shi.