Yadda Ake Tsara Hanyar Bayanai Tsakanin Rassa Ta Cibiya Ɗaya a WireGuard

A tsarin VPN (keɓantacciyar hanyar sadarwa da ke bi ta cikin intanet) mai cibiya da rassa, kowane reshe da cibiya kaɗai yake haɗe, saboda haka duk saƙon da ya tashi daga wannan reshe zuwa wancan dole ya ratsa ta cibiya. WireGuard, manhajar VPN da ta shiga Linux 5.6 a shekarar 2020, ta sauƙaƙa haɗa ramukan sadarwa, wato ɓoyayyun hanyoyin da saƙo ke bi tsakanin na'urori biyu, amma haɗuwar rami daban, isar saƙo daban.

Da farko a raba adireshi. A ware wa ramin 10.10.0.0/24, cibiya ta ɗauki 10.10.0.1, reshe na ɗaya 10.10.0.2, na biyu 10.10.0.3. Kowane ofishi kuma ya samu nasa layin na cikin gida, wato rukunin adireshin na'urorinsa, misali 192.168.10.0/24 da 192.168.20.0/24. Kada a bar rassa biyu a kan 192.168.1.0/24 da rawutoci da yawa ke zuwa da shi daga kanti, domin cibiya ba za ta iya bambance su ba.

Daga nan a ba cibiya izinin miƙa saƙo gaba ta hanyar sanya net.ipv4.ip_forward=1, a buɗe ƙofar UDP 51820, sannan katangar tsaro ta amince da abin da ya shigo ta wg0, wato mashigar ramin WireGuard, ya sake fita ta wg0.

Mataki na uku shi ne layin AllowedIPs a fayil ɗin saitin WireGuard, wato jerin adireshin da aka yarda da su, kuma a nan gizo ke saƙa. Layin yana aiki biyu: yana tantance wanda za a tura wa saƙo mai fita, yana kuma watsar da duk saƙo mai shigowa wanda adireshin mai aikowa ba ya cikin jerin. A cibiya ana ƙuntata shi, wato reshe na ɗaya ya samu 10.10.0.2/32 da 192.168.10.0/24 kawai. Idan aka rubuta rukunin adireshi guda ga rassa biyu, na ƙarshe ne zai ƙwace shi, ba tare da wani gargaɗi ba. A reshe kuwa ana faɗaɗa shi ya ƙunshi 10.10.0.0/24 da layin ɗaya reshen. A ganina bai kamata a sanya 0.0.0.0/0, wato dukkan adireshi, ba sai da dalili, domin zai ɗora wa cibiya duk intanet ɗin reshen.

Sai hanyar dawowa, wadda aka fi mantawa da ita. Na'urar WireGuard ta reshe ita ma tana buƙatar izinin miƙawa, kuma idan ba ita ce babbar rawutar ofishin ba, a rubuta wa rawutar tsayayyiyar hanya zuwa layin ɗaya reshen. Reshen da ke bayan NAT (tsarin da ke ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya), kamar mai amfani da layin waya, a sanya masa PersistentKeepalive = 25 domin ramin ya ci gaba da kasancewa a buɗe.

Wajen gwaji, a duba halin ramin da umarnin wg show, a yi ping (aika saƙon gwaji) tsakanin rassan, ana kallon saƙonnin da ke wucewa da tcpdump -i wg0 a cibiya. Idan ping ya tafi amma shafuka suna maƙalewa, a rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo guda, daga 1420 zuwa 1280 a sake gwadawa.