Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Basira da Halayen Ɗan Adam

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa duk abin da aka ba lamba an auna shi ke nan. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri yakan raba takardar tambayoyi, ya ba "na yarda ƙwarai" maki 5, ya ba "ban yarda ba sam" maki 1, bisa tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, sannan ya tara ya raba, ya ce gamsuwar ma'aikata ta kai 3.7. Mudu biyu na gero ninkin mudu ɗaya ne, kowa na iya zubawa ya gani, amma wa ya tabbatar da cewa tazarar da ke tsakanin 4 da 5 daidai take da ta tsakanin 1 da 2? Gyaran shi ne a bayyana mutum nawa suka zaɓi kowace amsa, a kuma faɗa a sarari cewa lambobin gaba da baya kawai suke nunawa. Haka makin IQ, wato makin gwajin basira, yake: mai 140 bai ninka mai 70 basira ba, domin an tsara matsakaicin ya zama 100, makin kuwa matsayin mutum ne a cikin tsararrakinsa.

Wasu kuma suna ɗauka an riga an kashe muhawarar ko ana iya auna basira da halayen ɗan Adam. A 1932 ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Birtaniya ta kafa kwamiti don ya duba ko ana iya auna ƙarfin abin da mutum ke ji ko gani, ya miƙa rahotonsa a 1940 ba tare da bakin mambobinsa ya zo ɗaya ba. A 1946 S. S. Stevens, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Harvard, ya faɗaɗa ma'anar awo ta zama sanya wa abubuwa lambobi bisa wata ƙa'ida. A ganina wannan kewaye tambayar ne, kuma Joel Michell, wani masanin wannan fanni, ya daɗe yana cewa ba a gwada ko waɗannan halaye suna da adadi ba tun farko. Saboda haka ambaton Stevens kaɗai bai isa hujja ba.

Akwai kuma masu zarce gona da iri, su ce abin da ba a aza shi a sikeli ba ya aunuwa. Zafin jiki ba ya taruwa kamar hatsi, amma ana auna shi. Masana lissafi Georg Rasch a 1960, da Luce da Tukey a 1964, sun shimfiɗa sharuɗɗan da za a iya jarraba bayanai da su, kuma mai bincike ya kamata ya gwada nasa bayanan a kansu kafin ya kira makinsa awo.