Darasi na 9: Sukarin jini bayan bugun zuciya

Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini ko'ina a jiki dare da rana. Tana da ƙananan jijiyoyin jini nata da ke ciyar da ita. In ɗaya ta toshe, sashen tsokar da ke dogara da ita yakan mutu cikin 'yan sa'o'i. Wannan shi ne bugun zuciya. Wurin da ya mutu ba ya sake tsirowa, tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya tura jini. Sauran tsokar ce za ta ɗauki aikin gaba ɗaya.

Mutumin da aka kwantar a babban asibitin Tahoua da bugun zuciya, daga cikin abin da za a fara auna masa akwai sukari, ko da bai taɓa ciwon sukari ba. Dalili shi ne, lokacin da jiki ya shiga matsanancin hali yakan saki sinadarai da ke sa hanta ta zuba sukari cikin jini. Ga wasu, sukarin yakan sauka bayan 'yan kwanaki. Wasu kuwa ciwon ya daɗe a jikinsu ba su sani ba, sai ranar ya fito fili. Likitoci sun lura cewa wanda sukarinsa ya hau sosai a wannan lokaci ya fi shiga haɗarin raunin zuciya daga baya. Sukari mai yawa yana lalata bangon jijiyoyi, yana sa jini saurin daskarewa, yana kuma hana tsokar da ta ji rauni murmurewa yadda ya kamata.

Ku koyi karanta takardar awon da kanku. A Nijar ana rubuta sakamakon da g/L, wato giram nawa na sukari ke cikin lita ɗaya ta jini. In an auna da safe kafin a ci komai, daga 0,70 zuwa 1,10 lafiya lau ne. In ya kai 1,26 ko ya wuce, a awo biyu daban-daban, ciwon sukari ne. Akwai wani awo mai suna HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Shi ke bambanta hawan ɗan lokaci da tsohon ciwo. Ƙarfin zuciya kuma da ekografi ake duba shi, wato hoton da na'ura ke ɗauka na zuciya tana cikin bugawa: lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, in abin da take fitarwa ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100 ta yi rauni. Inda babu likitan zuciya a kusa, akan tura mutum Yamai.

Kada tsoron hawan sukari ya sa a bar majinyaci da yunwa. In sukari ya faɗi ƙasa da 0,70, sai ka ga gumi, rawar hannu, jiri, zuciya na bugawa da sauri, kuma wannan babban haɗari ne ga zuciyar da ba ta gama warkewa ba. Mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin ya riƙa ajiye dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. Batun azumi kuwa, a tambayi likita tun kafin watan ya kama.

A gida, abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne shayin fada. Kofin ƙarami ne, shi ya sa ake raina shi, amma duba yawan sukarin da ake zuba wa buta, sannan a sha na fari, na biyu, na uku, safe da yamma. A rage shi ƙwarai, a bar lemun kwalba, a dama fura da kunu ba sukari. A rage malmalar tuwo, a ƙara zogale, wake da kuɓewa, a sassauta gishiri da dunƙulen miya. Taba kam a bar ta kwata-kwata. Magungunan da aka rubuta ba a daina su don an ji sauƙi.

In ƙafafu sun kumbura, ko numfashi na sarƙewa idan an kwanta, a koma asibiti a ranar. Mai ciwon sukari yana iya samun wani bugun ba tare da zafin ƙirji ba, sai dai gumi, kasala da haki.

Aikin gida: rubuta lambobin nan a littafinka, 0,60 da 0,95 da 1,40, ka faɗi ma'anar kowace in awon safe ne.