Yadda ake sa wa teburin tsakiyar falo ƙafafun da ba za su yi girgiɗi ba

Tsayin irin wannan tebur yakan kama tsakanin santimita 40 zuwa 45. Idan kaurin saman milimita 25 ne kuma kana son tsayin 42, yanke ƙafafun a 39.5, ka haɗa huɗun ka yanke su tare don kada wata ta ɗara wata.

Abin da ya fi lalata aiki shi ne a ɗora allon saman a kan ƙafa, a zura sukuru daga sama kai tsaye. Kan ƙafa, wato inda zarto ya yanke jijiyar katako, ba ya riƙe sukuru da kyau. Ana jan teburin a ƙasa, ramin yana faɗi, sai ƙafa ta fara rawa.

Hanya mai sauƙi ita ce farantin ƙarfe da noti mai baki biyu, gefe ɗaya na cin katako, ɗayan na shiga farantin. Ga noti mai kaurin milimita 8, huda tsakiyar ƙafar da bakin abin huda na milimita 6, kuma ramin ya tafi sak, domin ɗan karkata a nan zai fito fili a ƙasan ƙafa. Kifa saman teburin, shigo da farantin kamar santimita 5 daga kowane gefe. Sukuru mai tsawon milimita 20 ya isa a ɗaure farantin. Wanda ya fi haka yana iya ɓullowa ta fuskar tebur. Naɗa ɗan salatif a bakin abin hudar don ka san inda za ka tsaya.

Amma idan teburin dogo ne ko mai nauyi, firam ya fi. Katakai huɗu masu faɗin kamar santimita 7 su haɗa ƙafafun ta ƙarƙashi, a fere harshe a bakin kowanne ya shige ramin da aka sassaƙa a jikin ƙafa. Kaurin harshen ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. Gwada haɗin ba gam tukuna. Bayan ka shafa gam ka matse, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin ya karkace, gyara kafin gam ya kama. Ƙara ɗan katako a gicce cikin kowace kusurwa.

Kada ka manna saman da gam a jikin firam. Katako yana buɗewa ta faɗinsa idan iska ta yi danshi, ya tsuke idan ta bushe, kuma in an hana shi motsi sai ya tsage ko ya banƙare. Yi ramukan sukuru a jikin firam, masu ɗan tsawo ta faɗin allon, ka sa washa.

In ka tsayar da shi ya yi ɗingishi, fara duba daɓen, don sau da yawa shi ne mai laifin. Idan daga ƙafa ne, ɗora shi a wuri mai lebur, cusa 'yan takardu ƙarƙashin gajeriyar har ya tsaya, sannan ka kwantar da fensir a kan siririn katako ka zagaye ƙafafun huɗu da layi, ka yanke a kan layin.